Zazzaɓin da ya kwantar da Baba ana tsakar noma

A nan ƙasar Karaye da Rogo, in mutum ya tashi da zafin jiki, ba a jiran likita kafin a raɗa wa ciwon suna. Kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ba mu ga laifin jama'a ba, gama sau da yawa hakan yake. Da damina sauro ba ya ƙyale kowa, tun kuwa da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a shekarar 1992, masu lambu da masunta na bakin ruwan sukan sha cizonsa har da rani. Amma akwai wani zazzaɓi dabam wanda ba ruwansa da sauro. Ba safai yake kama manya a wajenmu ba, in kuwa ya kama babba, sai ya ruɗa gida duka. Mun ga haka da idonmu a daminar da ta wuce, shi ya sa muka ce bari mu ba masu karatu labari, ko wani gida zai huta da wahalar da wancan gida ya sha.

Mutumin da muke zance dattijo ne a ikkilisiyarmu, shekarunsa sun kusa sittin, jikokinsa biyu kuwa suna ajin da muke koyarwa. Ba za mu faɗi sunansa ba, sai dai mu kira shi Baba kamar yadda muka saba. Manomi ne na gaske, irin waɗanda rana ba ta fitowa ta same su a gida. An gama firi ke nan, ana shirin zuba taki, sai ya fara jin kasala da ciwon kai, sa'an nan zazzaɓi ya rufe shi. Aka sayo maganin maleriya a kemis, ya sha kwana uku, jiki bai sauya ba. Aka kai shi wani ɗan asibiti, aka ɗebi jini, aka ce taifot ne, aka haɗa shi da kafso iri biyu. Bayan kamar mako guda sai ga jajayen ƙuraje sun feso masa a ƙirji da baya da hannuwa, idanunsa kuma suka zama ruwan ɗorawa.

Daga nan kowa ya zama likita. Tsofaffin mata suka ce ai shawara ce, aka jiƙa saiwar rawaya. Wani maƙwabci ya taɓa cikinsa, ya ji tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya ce a kira wanzami ya yi tsaga. Da aka ga yana ramewa, zazzaɓi kuma ya shiga mako na uku, sai aka fara raɗe-raɗin da ya fi ciwon kansa zafi, wai ko ƙanjamau ne. Mama, uwargidansa, ta ji maganar a bakin rijiya, ta dawo gida ta kasa cin tuwo. Allah ya taimaka ɗansa da yake aiki a Kano ya zo, ya hana a taɓa shi da aska, ya ɗauke shi zuwa wani babban asibiti a birni.

A can aka sake gwaje-gwaje tun daga farko. Ba maleriya, ba ciwon hanta iri B ko C, ba ƙanjamau. Amma da aka shafa jininsa a gilashi aka duba da madubin likita, sai aka ga wasu fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, sun kuma sauya kama. Hoton ciki ya nuna hanta da saifa sun kumbura. Sa'an nan likita ya sa aka yi wani gwaji na musamman, shi ne ya tona asirin ciwon. Likitoci suna kiransa mononukiliyosis. Sunan da wani likitan Jamus, Emil Pfeiffer, ya ba shi a 1889, in aka juya shi zuwa Hausa, shi ne zazzaɓin kaluluwa, da wannan suna kuwa za mu ci gaba da kiransa.

Ƙwayar da kusan kowa yake ɗauke da ita

Abin da yake kawo shi wata ƙwayar cuta ce 'yar mitsitsiya, irin waɗanda ake kira bairas, sunanta Epstein-Barr. Cikin miyau take zama, ta nan kuwa take bi daga mutum zuwa mutum: moɗa ɗaya, cokali ɗaya, raken da wani ya gatsa ya miƙa wa wani, abincin da uwa ta tauna ta sa wa jariri a baki. Bayan ta shiga jiki takan yi mako 4 zuwa 6 kafin ciwo ya bayyana, don haka da wuya a gane wurin wa aka ɗauka. In ta shiga kuwa ba ta fita, sai ta kwanta shiru cikin jini muddin rai. Fiye da mutum 9 cikin kowane 10 na manyan duniya suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba, ba ta kuma dame su ba.

A Turai da Amurka ana yi wa ciwon laƙabi da ciwon sumba, domin a can samari da 'yan mata ya fi kamawa. Wani jikan Baba ya binciko wannan laƙabi a wayar hannu, ya karanta wa mutanen gida da ƙarfi. Mama ta rufe fuska da gefen zane. Ran nan ne, in ji su, Baba ya yi dariyar fari tun da ya kwanta.

Labarin gano ƙwayar ya shafi Afirka, har da ƙasarmu. A 1958 wani likitan fiɗa a Kampala ta Yuganda, Denis Burkitt, ya ba da bayanin wani ciwon daji da yake kumbura muƙamuƙin yara. Aka riƙa aika ɗan yankin kumburin zuwa Landan, a 1964 kuwa Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar a cikinsa. A Ibadan ma, a 1963, wani likita mai suna Pulvertaft ya rayar da ƙwayoyin irin wannan kumburi da aka ciro daga wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, har wa yau kuwa ana amfani da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya. Amma ba a san ƙwayar tana da hannu cikin zazzaɓin kaluluwa ba, sai da wata ma'aikaciya a ɗakin binciken Werner da Gertrude Henle, a Filadelfiya ta Amurka, ta kwanta da shi. Da ma an gwada jininta kafin ciwon, babu alamar ƙwayar a ciki. Da ta warke aka sake dubawa, sai ga alamar. Aka buga labarin a 1968. Tun da mun ambaci wancan ciwo na yara, bari mu ce a taƙaice: yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa yake kumbura da sauri, haƙoransa suna girgiɗi, a kai shi babban asibiti ba da jinkiri ba, gama ciwo ne mai jin magani in an tare shi da wuri. Ya fi yawa kuwa a ƙasashen da maleriya ta yi katutu.

To, in kusan kowa yana ɗauke da ƙwayar, me ya sa ba mu san zazzaɓinta ba? Dalili shi ne mu a nan tun muna goye muke ɗaukarta. Wani bincike da aka yi kan jarirai a Akara ta Gana, wanda aka buga a 1978, ya nuna yawancinsu sun ɗauke ta kafin su cika shekara 2, ba kuwa wanda ya nuna alamun zazzaɓin kaluluwa. Ƙaramin yaro in ta shige shi, iyakarta ɗan zafin jiki ko mura, ko ma ba kome, daga nan jikinsa ya san ta, ba ta ƙara kayar da shi. Wanda ya tsallake ta a yarinta, ya gamu da ita da girma, shi ne yake shan wuya. Irin waɗannan 'yan kaɗan ne a cikinmu, Baba kuwa ya faɗo cikinsu. Akwai kuma wata ƙwaya 'yar'uwarta, ana ce da ita CMV, wadda takan kawo wa manya ciwo mai kama da wannan, jinyarsu kuwa kusan ɗaya ce.

Ga babba, ciwon yakan ɓad da kama

Ga saurayi ko budurwa alamun a fili suke: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro mai tsanani, kaluluwa a wuya, da gajiya. Likita yana gani zai yi zato. Amma ga wanda ya haura shekara 40 ba haka abin yake ba. Kusan rabin irin waɗannan ba sa samun ciwon maƙogwaro ko kaluluwa. Maimakon haka sai zazzaɓi ya ja lokaci, ciwon kuma ya fi taɓa hanta, har kamar mutum 1 cikin 4 ya yi shawara. Baba bai taɓa kukan maƙogwaro ba, wuyansa kuwa sumul. Ga zazzaɓi, ga shawara, a ƙasar da take cike da maleriya da taifot da ciwon hanta. Wa zai tuna da zazzaɓin kaluluwa?

Ya kamata mu yi wa ma'aikatan asibiti adalci a nan. Daidai ne su fara neman cututtukan da suka fi yawa, suka kuma fi kisa. Maleriya, minti 15 zuwa 20 sun isa a gwada ta da ɗigon jini. Ciwon hanta iri B, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da shi. Ga zazzaɓin Lassa, ga tarin fuka wanda shi ma yakan kumbura kaluluwar wuya, ga ƙanjamau wanda farkon shigarsa yakan yi kama da wannan ciwo sak. Kada kowa ya ji kunya ko fushi in likita ya ce a gwada shi. Gwajin nan ne ya rufe bakin masu raɗa a kan Baba. Mu mutanen Kano kuwa ba mu manta da mashaƙo ba, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022, ya ci rayuka da yawa a 2023, musamman yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Duk wanda ya sami ciwon maƙogwaro da farin abu shimfiɗe a ciki, wuya kuma ya kumbura, kada a zauna a gida a ce ai mun karanta a mujalla, zazzaɓin kaluluwa ne. A kai shi asibiti a ranar.

Inda muke da ƙorafi shi ne gwajin taifot ɗin nan da ake kira Widal. A ƙasar da mutane da yawa suka taɓa gamuwa da ƙwayar taifot, yakan nuna akwai ciwo alhali babu. Gwaji ɗaya bai isa a ɗora wa mutum kafso ba. Cikin waɗanda aka ba Baba akwai amoksisilin, shi da ɗan'uwansa amfisilin kuwa an daɗe da sanin sukan feso da ƙuraje ga mai zazzaɓin kaluluwa. Wato kuɗin da aka kashe ba su sayo kome ba sai ƙaiƙayi da ƙarin tsoro. Shi ma gwajin zazzaɓin kaluluwa mai sauri yakan kasa ganinsa a makon fari, sai an maimaita. Abin da muke roƙo shi ne, in zazzaɓi ya wuce mako guda ga babba, an sha maganin maleriya bai sauka ba, kada a yi ta ɗora magani a kan magani. A nemi inda za a duba jini da hanta sosai.

Ba allura, ba kafso

Sa'ad da likita ya gaya wa Baba babu maganin da yake kashe wannan ƙwaya, jiki ne da kansa zai ci ƙarfinta, ransa ya ɓaci. A ganinsa an yi asarar kuɗin mota: an zo har birni, ba allura, ba ƙarin ruwa. Mu duka haka muke. Amma gaskiya likitan ya faɗa. Har yanzu ba a fitar da rigakafinta ba, kafso kuwa ba ya taɓa bairas. Abin da ake yi shi ne a sauƙaƙa wa majinyaci, a kuma tsare shi daga abin da zai ƙara masa rauni sa'ad da jikinsa yake fama.

Hanta ce farkon abin tsarewa. Parasitamol yana sauke zazzaɓi, amma hanta ce take sarrafa shi. Mai lafiya ma bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 cikin awa 24 ba, mai shawara kuwa sai abin da likita ya ƙayyade masa, wanda yakan gaza haka. A lura, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa da ake sayarwa a kemis da kasuwa akwai parasitamol a cikinsu, sai mutum ya ninka bai sani ba. Irin su ibufurofen da dikulofenak kuwa sukan ci cikin tsoho, su wahalar da ƙoda. Giya da burukutu, a bar su sam, har sai likita ya ce hanta ta koma daidai. Haka kuma jiƙe-jiƙe da dafe-dafen saiwoyi. Ba muna raina sanin iyayenmu ba ne, amma ba mai auna ƙarfin abin da yake cikin tukunyar, hantar da ta kumbura kuwa ita za ta tace shi duka. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya nuna wa likita magungunansa, kada ya daina su da ra'ayin kansa.

Akwai masu cewa mai shawara kada ya ci nama ko ƙwai ko wake, sai kunu zalla. Da wannan Baba ya ƙara ramewa. A bar majinyaci ya ci abin da ransa yake so, kaɗan kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka, romon kaza, ƙwai, gwanda, lemo. Ya sha tafasasshen ruwa da yawa. Wanda maƙogwaro yake damunsa ya kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, kada kuwa a kira wanzami ya cire masa beli. Ba lalle ne a ware shi a ɗaki shi kaɗai ba, tun da yawancin mutanen gidan sun riga sun ɗauki ƙwayar suna yara. A dai ware masa moɗa da cokali.

Saifa da buhun taki

Kusan rabin masu wannan ciwo saifarsu takan kumbura. Saifa jaka ce cike da jini, tana ɓoye a bayan haƙarƙarin hagu. In ta kumbura sai ta leƙo ƙasa, fatarta ta miƙe kamar salkar da aka cika fiye da kima. Bugu kaɗan, ko nishin ɗaga kaya mai nauyi, yana iya fasa ta, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Ba safai hakan yake faruwa ba, bai fi mutum 1 zuwa 5 cikin 1,000 ba. Amma in ya faru sai babban asibiti da ƙarin jini cikin gaggawa, sau da yawa har da fiɗa, mai karatu kuwa ya san nisan ƙauyukanmu da ɗakin fiɗa, ya kuma san yadda hanya take a watan Agusta. Yawanci a mako 3 zuwa 4 na farko abin yake aukuwa, amma an taɓa ganinsa har a mako na 8. Littattafan Turawa suna cewa a bar wasan ƙwallo da kokawa. Mu abin da za mu ce shi ne, a bar ɗaga buhun taki mai kilo 50, a bar riƙe garmar shanu, a bar faskare da daka da jan ruwa a rijiya mai zurfi, da doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada. Kada a bar kowa ya danna cikin, ko ya yi masa tausa ko tsaga. In majinyaci ya ji suka mai tsanani a hagun cikinsa, ko ciwon ya haura zuwa kafaɗar hagu, jiri yana ɗibarsa, gumi mai sanyi yana keto masa, a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Haka kuma in numfashi ko haɗiyar miyau ya gagara, ko shawara tana ƙaruwa, ko ya fara sambatu.

Faɗar wannan da sauƙi. Amma wa zai gaya wa manomi ya zauna mako shida a tsakiyar damina? Masara ba ta san ciwo ba, ciyawa ma haka. Mako biyu da dawowarsa, da zazzaɓi ya sauka, Baba ya faki idon Mama da asuba, ya saɓa fartanya. Bai gama kunya uku ba jiri ya ɗebe shi, yara masu kiwo suka rako shi gida, ya sake kwanciya kwana huɗu. Muka je, mu da fasto, muka yi ta yi masa faɗa. Ya bari muka gama, sa'an nan ya tambaye mu, in shi ya kwanta, me gidan zai ci baɗi? Muka rasa amsa. Nan muka gane wa'azin hutu ba shi da amfani ga mutumin da gonarsa take cike da ciyawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran Lahadi aka yi sanarwa bayan sujada, ran Talata samari da magidanta suka fita gayya, suka yi maimai, suka zuba taki. Maƙwabtansa biyu Musulmi suka kawo shanunsu suka yi huɗa. Zumuntar mata ta dafa abincin gayya, domin kada nauyin ya faɗa kan Mama. Sai a daren nan, in ji ta, Baba ya yi barci har gari ya waye. A ganinmu, cikin dukan abin da aka yi masa, gayyar nan ce ta fi kama da magani.

Wani abu kuma game da dubiya. Ziyarar marar lafiya abu ne mai kyau, an kuwa umarce mu da yinta. Amma mun ga ranar da Baba ya tashi zaune yana amsa gaisuwa tun daga hantsi har la'asar, kowane baƙo da labarin maganin da ya zo da shi. Kashegari bai iya ɗaga kai ba. A shiga, a gaisa, a yi gajeriyar addu'a, a fito. Wanda yake so ya nuna ƙauna fiye da haka, ga randa ba ruwa, ga awaki ba ciyawa.

Gajiyar da take biyo baya

Zazzaɓin da sauran alamu yawanci sukan wuce cikin mako 2 zuwa 4, ga manya yakan ɗan fi haka. Gajiya ce take daɗewa. Wasu wata ɗaya, wasu uku, kamar mutum 1 cikin 10 kuwa yana jinta har bayan wata 6. Ita ce ta fi wuyar bayani, gama ido ya washe, ƙuraje sun baje, mutum ya koma cin tuwo, kowa yana ce masa barka da arziki, shi kuwa in ya je bakin kasuwa ya dawo sai ya ji kamar ya yi noman yini. Mutane suka fara cewa Baba ya ji daɗin kwanciya. Shi ma ya fara zargin kansa da ragwanci, ya rage magana, ya daina zama a ƙofar gida. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba, sauran ciwon ne. Iyali su sani, su kuma faɗa masa da bakinsu.

Duk da haka kwanciya yini sukutum ba ta taimako, musamman ga tsoho, gama ƙafafunsa sukan raunana da sauri. Abin da ya yi wa Baba amfani shi ne aunawa. Makon fari, zagaya gida da safe. Na biyu, zuwa majami'a a ƙafa da dawowa. Sa'an nan zuwa gona ya duba, ba fartanya. Ran da ya ji ƙarfi ba ya ƙarar da shi duka, gama ya lura in ya zarce yau, gobe da jibi zai biya. Ya rage barcin rana domin na dare ya samu. Aikin zaune ya koma hannunsa, tufkar igiya da gyaran kwanduna da sauraron karatun jikoki, mun kuwa ga bambanci a ajinmu.

Bayan mako shida ya koma asibiti, aka sake gwada hanta, aka duba saifa, aka ce ta koma wurinta. Kada wanda ya manyanta ya yi wasa da wannan komawa. In kaluluwa ba ta baje ba bayan kamar wata guda, ko tana ƙara girma, ko gumin dare da rama sun ci gaba, sai a sake bincike, gama tarin fuka da ciwon daji na kaluluwa sukan fara da irin waɗannan alamu.

Baba bai koma aiki sosai ba sai da aka fara karyar masara. Ko a lokacin rabin yini yake yi, samari su ɗauki buhu. Da aka zo yankan dawa a watan Nuwamba shi ya riga kowa isa gona, amma da rana ta take muka same shi a gindin ɗorawa, yana ɗaure dami a zaune. Dami biyu na farko ya aika wa maƙwabtan nan da suka kawo shanu.